Me ya sa haɗin gwiwar hukuma da 'yan kasuwa yake mutuwa bayan an sa hannu?

Abu Safiyya ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman masana su warware mini wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Kusan duk ƙaramar hukuma ko hukumar birni da ta tashi maganar bunƙasa tattalin arzikin yankinta, abin da za ka fara ji shi ne za ta haɗa gwiwa da 'yan kasuwa. A kira taro, a sa hannu a kan yarjejeniyar fahimtar juna, a ɗauki hoto, a watse. Bayan shekara biyu ka nemi aikin sama ko ƙasa ka rasa. Hukuma ta ce 'yan kasuwa riba kawai suka sani, su kuma su ce hukuma ba ta cika alkawari, kuma duk wanda ya hau kujera sai ya rushe abin da na baya ya fara.

To idan hukuma ba ta da kuɗin a zo a gani, kuma yawancin masu sana'a a yankin ƙanana ne, daga ina ake farawa? Me ya kamata ya shiga takarda? Kuma rangwamen haraji da ake yi wa masu zuba jari, yana jawo su da gaske? Don Allah kada a ce mini "a riƙe gaskiya da amana", wannan kowa ya sani. Matakai nake so.

Hajiya Ummu Haidar ta rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Abu uku ne daban-daban ake kira da suna ɗaya, kuma tun daga nan ake ɓata lissafi. Akwai zaman tattaunawa a kan dokoki da haraji da lasisi. Akwai haɗa kuɗi don wata hidima, kamar shara ko fitilun titi. Sannan akwai kwangilar dogon zango, inda kamfani zai gina abu ya tafiyar da shi shekara 20 ko 30. Hukumomi na tsallake na farko da na biyu su faɗa na uku, alhali shi ne mafi wuya. Ita kuwa yarjejeniyar fahimtar juna, galibi ba ta ɗaure kowa a gaban kotu, kuma babu ko sisi da aka ware mata a kasafin kuɗi. Ba mutuwa take yi ba, dama ba a haife ta da rai ba.

Kafin a kira kowa taro, hukuma ta fara fito da jerin bashin da 'yan kwangila da masu kawo kaya suke bin ta. Wanda yake bin ka kuɗin wata takwas ba zai zauna ya saurari shirinka na shekara goma ba. A raba takardun neman biya gida uku: waɗanda suka wuce kwana 30, da 60, da 90, a riƙa liƙa jerin kowane wata. Tarayyar Turai ta mayar da wannan doka a 2011: hukuma ta biya cikin kwana 30 in ban da wasu 'yan keɓantattun wurare, idan ta makara kuɗin ruwa ya fara hawa a kanta. Ko ba a kai nan ba, biyan tsofaffin basussuka bisa jerin wanda ya riga wani, ba bisa sanayya ba, yana gyara fiye da abin da taro goma zai gyara.

Daga nan sai a fita, ƙafa da ƙafa. A zaɓi masu sana'a 100 zuwa 150, manya da ƙanana, masu rajista da marasa rajista, maza da mata. Kada a tambaye su "me kuke so gwamnati ta yi muku", domin amsar ɗaya ce: jari. A tambaye su wace hulɗa da hukuma ce ta fi cinye musu lokaci da kuɗi a bara, daga ina suke sayen kayan aikinsu, kuma me zai sa su ɗauki ƙarin ma'aikaci guda. Tambaya ta biyu ita ke nuna inda kuɗin yankin yake yoyo zuwa waje.

Sai a ɗauki fayil ɗaya na neman izinin gini ko lasisin kasuwanci a bi shi tebur zuwa tebur. A rubuta ranar da ya sauka a kowane ofis da ranar da ya bar shi, da hannu nawa aka sa. Abin da aka saba gani shi ne ainihin aikin da ake yi wa fayil bai wuce 'yan sa'o'i ba, sauran makonnin duk zaman jira ne a kan teburin wanda ya yi tafiya ko yake jiran a zo a gaishe shi. Maganin ba ya cin kuɗi: a ba mataimaki ikon sa hannu, a bar ofisoshin da ba su dogara da juna ba su duba fayil lokaci guda maimakon bi da bi, a liƙa kuɗin kowane lasisi a bakin ƙofa.

Shi kwamitin kuwa, kada ya wuce mutum 12 zuwa 15, da shugabanni biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. A raba kujeru bisa sana'a, wa'adi shekara biyu, in ba haka ba manyan attajirai uku za su mamaye shi su mayar da shi hanyar neman kwangila. Lallai a samu sakatare mai albashi, domin kwamitin sa-kai ba ya bin diddigin komai. Takardar aikinsa shafi ɗaya ce: matsala, sunan jami'in da ke da alhaki, ranar gamawa, inda aka kwana. Matsala biyar kacal a lokaci guda, kuma waɗanda suke hannun hukumar yankin. Idan aka shigo da farashin canji ko kuɗin ruwan banki, an koma majalisar ƙorafi. Hukuma ta turo mai ikon yanke hukunci, ba wakilin da zai ce "zan isar" ba. Kuma a kafa kwamitin da ƙudurin majalisar kansiloli, don kada ya tafi tare da shugaban da ya kafa shi.

Injiniya B. ya rubuta:

Hajiya ta share fage. Bari in ɗauki na ukun, tunda a nan ne ake tafka asarar da jikoki za su biya.

Kwangilar dogon zango a taƙaice rabon kasada ce. Kowace kasada a ɗora ta a kan wanda yake da ikon rage ta. Fili, biyan diyya, izini da hanyar da za ta kai wurin, na hukuma ne. Tsadar gini da jinkirinsa, na kamfani ne. Hauhawar farashi, a rubuta ƙa'idar lissafi tun farko, a ce kuɗin haya zai riƙa tashi sau ɗaya a shekara daidai da alƙaluman hukumar ƙididdiga, don kada kowace shekara ta zama ta ciniki. Canjin kuɗi kuwa babu mai iko da shi a cikinsu, saboda haka aikin da kuɗin shigarsa na gida ne, rancensa ma ya zama na gida.

Mai wuyar ita ce kasadar ciniki: mutane za su zo ko ba za su zo ba? Ga lissafi a kusa. A ce kasuwa ce mai rumfa 1,000, idan ta cika maƙil mu ƙaddara jimillar hayarta 100 ce a shekara. Mai zuba jari ya yi hasashen za a kama kashi 90, wato kuɗin shiga 90. Tafiyar da wurin, da tsaro da shara da gyara, yana cin 30. Biyan banki 45. Idan an cire 30 daga 90, saura 60 a kan bashin 45, wato ninki 1.33, banki zai yarda. To a ce kashi 70 aka kama. Masu gadi da masu shara ba za su ragu ba, 30 ɗin tana nan. Saura 40, bashi 45. Aikin ya kasa biyan banki, alhali rumfa 700 suna ciki ana ta hada-hada, mai wucewa zai rantse kasuwa ta karɓu. Iyakar numfashinsa kashi 75 ne. Saboda haka duk wanda ya kawo hasashe, a ce ya sake lissafin da ragin kashi 20 da kuma jinkirin shekara ɗaya, a ga ko zai tsaya da ƙafarsa.

Kuma me ke hana rumfuna cika? Sau da yawa abin da ke hannun hukuma ne: ba a yi hanyar ba, ba a mayar da tashar mota kusa ba, ko an kai kasuwar bayan gari inda babu mai saye, masu kasa kaya suka ƙi tashi daga inda cinikinsu yake. Shi ya sa ake rubuta sharuɗɗan share fage: agogon kwangila ba zai fara bugawa ba sai fili ya fita daga rikici, an biya diyya, an ba da izini. Kuma a zauna da waɗanda za su kama rumfunan tun kafin a zana taswira. Tun ran gini, ran zane.

Idan kamfani ya ce sai hukuma ta lamunce masa mafi ƙarancin kuɗin shiga, a san cewa wannan bashi ne da ya sa rigar alkawari. A ƙiyasta shi, a shigar da shi littafin basussuka, majalisa ta amince. Akwai wata dabara da ƙasar Chile ta fara aiki da ita a 1998 a kan babbar hanyar Santiago zuwa Valparaíso, wadda motoci ke biyan kuɗin wucewa. Maimakon a tsayar da shekaru, masu takara suna faɗin jimillar kuɗin da suke so su tara, a ƙimar yau, wanda ya nemi mafi ƙanƙanta shi ya ci. Idan motoci sun yi yawa kwangila ta ƙare da wuri, idan sun yi kaɗan ta tsawaita. Wannan yana rage masu dawowa suna kuka a sake zama a kan kwangila.

Sake zaman nan ba ƙaramar cuta ba ce. Wani nazari da Bankin Duniya ya wallafa a 2004 ya bi kwangiloli sama da 1,000 a Latin Amurka da yankin Karibiyan daga 1985 zuwa 2000. Kusan kashi 30 an sake tattauna su, a harkar sufuri kusan kashi 55, a ruwan sha kusan kashi 74, kuma yawanci cikin shekara biyu da 'yan watanni da sa hannu. Dabarar sananniya ce: ka yi tayi mai araha ka ci takara, bayan abokan hamayya sun watse ka dawo ka ce lissafi bai fita ba. Rigakafin shi ne a riƙe kuɗin jingina mai nauyi, a lissafa abubuwan da kaɗai za su halatta sake zama, kuma duk sauyi a buga shi jama'a su gani.

Gaggawa ma tana kisa. A Disamban 2008 birnin Shikago na Amurka ya ba wani rukunin kamfanoni mitocin karɓar kuɗin ajiye mota a gefen titi kimanin 36,000 na tsawon shekara 75, a kan dala biliyan 1.15, kuma majalisar birnin ta amince cikin 'yan kwanaki. A 2009 babban mai binciken birnin ya ce an karyar da kadarar da kusan dala biliyan ɗaya. Mafi yawan kuɗin an cike giɓin kasafi da su cikin 'yan shekaru. Abin da ya fi ciwo, idan birnin ya rufe titi ko ya cire wurin ajiye mota, sai ya biya kamfanin diyya. An sayar da akuya ta dawo tana cin danga. Dokar kuɗin ƙananan hukumomi ta Afirka ta Kudu, ta 2003, ta yi wa irin wannan birki: dole a nuna hukuma za ta iya biya, akwai riba ga jama'a, kuma kasada ta koma kan kamfani da gaske, sannan kwangilar da za ta ɗaure hukuma fiye da shekara uku sai an bayyana ta kwana 60 kafin majalisa ta zauna a kanta.

Biyu da ake mantawa. Idan kamfani ne ya kawo shawarar aiki da kansa, kada a miƙa masa kai tsaye. A buɗe takara, shi a ba shi damar daidaita tayin da ya fi nasa, idan ya faɗi a biya shi kuɗin nazarin da ya yi. Sai ranar miƙa kaya: kamfanin da ya san saura masa shekara uku zai daina gyara. A rubuta cewa za a duba ginin shekara biyar kafin ƙarshe, a riƙa tsare wani kaso na kuɗin shiga a asusu na musamman har sai an miƙa shi cikin yanayin da aka amince.

Abu Safiyya ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Hajiya da Injiniya. Lissafin rumfunan nan ya buɗe mini ido. Saura maganar rangwamen haraji, ba wanda ya taɓa ta.

Ɗan Alƙalami ya rubuta:

Malam Abu Safiyya, rangwame shi ne abu na ƙarshe da kamfani ke dubawa. Yana fara duba kasuwa, wuta, ruwa, hanya, ma'aikata da tabbacin fili. Sai ya rage wurare biyu ko uku, galibi ma ya riga ya zaɓa a ransa, sannan ya zo ya ce wa zai ba shi rangwame. Masanin tattalin arziki Timothy Bartik ya tattara nazarce-nazarcen da aka yi a Amurka, a 2018 ya ƙiyasta cewa irin wannan tallafi yana sauya shawarar kamfani ne a kashi 2 zuwa 25 cikin ɗari kawai. Ma'ana aƙalla uku cikin huɗu an biya su ne don su yi abin da dama za su yi.

Dubi Foxconn, kamfanin haɗa kayan lantarki na Taiwan, a jihar Wisconsin ta Amurka. A 2017 aka yi shelar jarin dala biliyan 10 da ayyuka 13,000, jiha ta yi alkawarin tallafin kusan dala biliyan 3. A 2021 aka sake rubuta yarjejeniyar: jari dala miliyan 672, ayyuka 1,454, tallafi bai wuce dala miliyan 80 ba. Abin lura a nan, ita jihar ba ta ƙone sosai ba, domin ta ɗaura biyanta a kan ayyukan da aka samar. Waɗanda suka ji jiki su ne hukumomin yankin, da suka ci bashin ɗaruruwan miliyoyin daloli tun farko don sayen filaye da shimfiɗa bututu da hanyoyi, aka kuma tashi mutane daga gidajensu. Wanda ya biya bayan aiki ya tsira, wanda ya biya kafin aiki ya yi cinikin biri a sama.

Idan dole sai an bayar, a biya bayan an gani, shekara-shekara. A fayyace abin da ake kira "aiki": cikakken lokaci, albashi bai gaza kaza ba, sunan mutum ya shekara a takardar albashi, kuma sabo ne, ba an kwaso shi daga reshen kamfanin na maƙwabciyar hukuma ba. A raba jimillar tallafi da yawan ayyuka a ga kuɗin kowane guda, a gwada da abin da wannan kuɗin zai yi wa ƙananan masu sana'a da suke nan tuntuni. Fili kuma a ba da shi haya, da sharaɗin idan ba a fara gini cikin wata 18 ko 24 ba ya dawo hannun hukuma, in ba haka ba za a kewaye shi da katanga a zauna jiran ya yi tsada.

Ni a ganina kuɗin ya fi amfani a wajen horar da ma'aikata, domin ko kamfani ya tashi, gwaninta tana nan. A Jamus almajirin sana'a yana kwana uku ko huɗu a kamfani, ɗaya ko biyu a makaranta, shekara biyu zuwa uku da rabi. Kamfani ke biyansa alawus, gwamnati ke riƙe makaranta, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a ke shirya jarrabawa. Ba sai an kwafi tsarin duka ba. Ko masu ɗaukar aiki goma suka zauna da makarantar koyon sana'a suka gyara manhaja, kowa ya sa hannu zai karɓi ɗalibai kaza, an fara.

Malam Mai Awo ya rubuta:

Hajiya, da girmamawa, ina da ɗan ja a kan kwamitin. Zaman da babu kuɗin da yake juyawa, zuwa taro na huɗu za ki ga manya sun fara turo yaransu. Mutane suna zuwa inda kuɗinsu yake.

Shi ya sa nake ganin na biyun da kika ambata ya cancanci a tsaya a kansa. A 1970 'yan kasuwar unguwar Bloor West a Toronto ta Kanada, ganin manyan kantunan bayan gari suna janye musu masu saye, suka nemi hukuma ta ɗora wa duk masu shaguna a layin wani ƙarin kuɗi na dole, ta karɓa, ta miƙa wa kwamitinsu su gyara layin. Dolen ita ce sirrin, domin a karo-karon sa-kai mutum goma ke biya, hamsin su sha inuwa. A Ingila dokar 2003 ta ce sai an yi ƙuri'a, kuma a ci ta fuska biyu: rinjayen yawan masu jefa ƙuri'a da rinjayen ƙimar kadarorinsu, don kada manya su danne ƙanana ko ƙanana su yanke wa manya abin da za su biya. Wa'adi ba ya wuce shekara biyar, sai a sake ƙuri'a.

Inda yake lalacewa: hukuma ta ga 'yan kasuwa sun ɗauki masu shara, sai ta janye nata a hankali. Saboda haka kafin a karɓi ko sisi, a rubuta abin da hukuma ke yi yanzu, kwashe shara sau nawa a mako, fitila nawa ke ci, ta sa hannu ba za ta rage ba. Kuɗin kuma asusunsu daban, kada su bi ta babban asusun hukuma su kwana.

Sai sayayyar hukuma kanta, wadda ba ta buƙatar sabon kuɗi. Daga 2013 birnin Preston na Ingila ya haɗa manyan cibiyoyi shida na yankin suka duba inda kuɗin sayayyarsu ke tafiya. Kashi 5 kacal ke tsayawa a birnin. Cikin shekara huɗu ya kai kashi 18, a faɗin gundumar Lancashire kuma daga 39 zuwa 79. Hanyar ita ce a daddatsa babbar kwangila gida-gida yadda ƙaramin kamfani zai iya ɗauka, a rage tulin takardu, a sanar da abin da za a saya wata shida kafin lokaci. Akasin haka shi ne Carillion, katafaren kamfanin gine-gine na Birtaniya, wanda ya durƙushe a Janairun 2018 yana riƙe da kwangilolin gwamnatin Birtaniya sama da 400, da manyan asibitoci biyu ba a gama ba, bayan ya daɗe yana sa ƙananan masu kawo masa kaya jiran kwana 120. Don haka a rubuta a kwangila cewa babban ɗan kwangila zai biya na ƙasa da shi cikin kwana 30, kuma sai ya nuna shaidar biyan kafin a sake masa kaso na gaba.

Amma a yi hattara: fifita na gida ba lasisin ba ɗan'uwan kansila kwangila ba ne. Takara a buɗe, maki a rubuce tun kafin a buɗe ambulan, sunan wanda ya ci da farashinsa a liƙa.

Hajiya Ummu Haidar ta rubuta:

Na karɓi gyaran, Malam. Sai dai ƙarin kuɗi na dole ba ya cin ƙuri'a a wurin da mutane ke biyan haraji kala bakwai ga masu rasit kala bakwai. A fara haɗe su a takardar biya ɗaya, sau ɗaya a shekara, ta banki ko ta waya, sannan a kawo maganar ƙari. Kuma inda babu rajistar shaguna da ƙimarsu, ba a san ma wa zai jefa ƙuri'ar ba, don haka ƙidayar shagunan layin ita ce aikin watanni ukun farko.